Bayan An Kashe Kyamara: Shaye-shaye da Tabon Sana'ar Batsa a Finafinai Masu Zaman Kansu

Fim mai zaman kansa, a wajen masu harkar sinima a Amurka da Turai, shi ne wanda aka shirya ba da kuɗin manyan kamfanonin Hollywood irin su Disney da Warner Bros. da Universal ba, sai da jarin da mai shiryawa ya tattaro daga ɗaiɗaikun masu kuɗi ko ƙananan kamfanoni, sannan ya kai shi bikin baje kolin finafinai kamar na Sundance a Amurka ko na Cannes a Faransa, domin neman kamfanin da zai saya ya rarraba shi gidajen sinima. Ƙarancin kuɗi yana takura irin wannan fim ta fuskar kayan aiki da shahararrun jarumai, amma yana ba shi 'yancin da babban kamfani ba ya iya bayarwa, domin wanda ya zuba dala miliyan 200 dole ne ya nemi labarin da zai faranta wa kowa rai, alhali wanda ya kashe miliyan ɗaya ko biyu yana iya barin mai kallo cikin damuwa ba tare da ya yi asarar da za ta durƙusar da shi ba. Wannan 'yanci ne ya sa wasu daraktoci suka iya tunkarar batun da manyan kamfanoni ke kauce masa, wato rayuwar waɗanda suka yi aiki a masana'antar finafinan batsa da gidajen rawar tsiraici, da halin da suke shiga bayan kasuwarsu ta faɗi, musamman idan shaye-shaye ya shiga tsakani.

Cibiyar wannan masana'anta ta daɗe tana kwarin San Fernando, a arewacin birnin Los Angeles, kuma abin da ya ƙara kafa ta a can shi ne hukuncin da Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke a 1988, a shari'ar wani mai shirya fim mai suna Harold Freeman, inda ta ce biyan mutane kuɗi su fito a irin wannan fim bai zama kawalci ba a ƙarƙashin dokar jihar. Sana'ar ta halatta ke nan a idon doka, amma ba ta halatta a idon jama'a ba, kuma a wannan giɓi da ke tsakanin doka da al'umma ne kusan dukkan finafinan da ake magana a kansu suka gina labarinsu.

Fim ɗin da ya share hanya shi ne Boogie Nights na Paul Thomas Anderson, wanda ya fito a 1997 lokacin daraktan yana ɗan shekara 27. Kamfanin New Line Cinema ne ya ɗauki nauyinsa, don haka ba za a ce mai zaman kansa ne tsantsa ba, amma salonsa da jigonsa na wannan zuriya ne. Labarin ya faro daga 1977 zuwa farkon shekarun 1980, ya bi wani matashi mai wanke kwanuka a gidan rawa, wanda Mark Wahlberg ya taka, daga tashensa a harkar finafinan batsa zuwa faɗuwarsa a hannun hodar Iblis, a daidai lokacin da kaset ɗin bidiyo ya zo ya kori fim ɗin sinima, ya sa aikin ya yi arha, ya kuma rage darajar masu yin sa. Sai dai wuraren da fim ɗin ya fi ratsa zuciya ba su shafi jarumin ba. Akwai Buck, wanda Don Cheadle ya taka, mutumin da ba shi da buri sai ya buɗe shagon sayar da kayan sauti, ya je banki da matarsa da takardunsa cikakku, aka hana shi rance saboda aikin da ya taɓa yi. Akwai kuma Amber, wadda Julianne Moore ta taka, da ta je neman a ba ta damar riƙon ɗanta, aka lissafa mata sana'arta da shaye-shayenta da kamun da aka taɓa yi mata, ta fito hannu rabbana. Waɗannan fitowa biyu sun nuna abin da finafinan da suka biyo baya suka yi ta maimaitawa, cewa wanda ya bar sana'ar ba ya cin karo da tuba ko rashinta kawai, yana cin karo da ma'aikacin banki da alƙali da mai ɗaukar ma'aikata, kuma kowannensu yana riƙe da ƙofar da zai iya rufewa. A ƙarshen fim ɗin da yawansu sun koma gidan daraktan da ya shigar da su harkar, ba don sun same shi adali ba, sai don babu wani gida da ya karɓe su.

Wasu finafinan sun ɗauko labarin mutanen gaske. Wonderland na James Cox, a 2003, ya bi ɗan fim ɗin batsa John Holmes, wanda Val Kilmer ya taka, bayan hodar Iblis ta cinye sana'arsa ta jefa shi cikin mu'amala da dillalan ƙwaya, har aka zarge shi da hannu a kisan mutum huɗu a wani gida a Los Angeles a watan Yulin 1981. Kotu ta sallame shi a 1982, ya mutu a 1988 sakamakon cutar ƙanjamau. Lovelace kuwa, na Rob Epstein da Jeffrey Friedman a 2013, ya yi wata dabara mai ma'ana, domin ya ba da labarin Linda Boreman sau biyu. Da farko ya nuna yadda duniya ta gan ta bayan fim ɗinta na batsa na 1972, cikin ɗaukaka da walwala, sannan ya koma kan ranakun nan ɗaya ya nuna su yadda ita ta bayyana a littafinta Ordeal na 1980, inda ta ce mijinta na lokacin ne ya tilasta mata da duka da barazanar bindiga. Wasu da suka yi aiki da ita sun musanta wani ɓangare na bayaninta, kuma fim ɗin ya zaɓi ya tsaya a gefenta.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin fim ba bincike ba ne. Mai kallon waɗannan finafinai zai iya fita da zaton cewa duk wanda ya shiga wannan sana'a ɗan ƙwaya ne ko wanda aka ci zarafinsa tun yana ƙarami, alhali binciken da aka yi bai zo da amsa guda ba. Wani nazari da James Griffith da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, wanda ya kwatanta mata 177 masu wannan aiki da wasu matan da suka yi daidai da su a shekaru da sauran siffofi, bai sami bambanci ba a yawan cin zarafi a ƙuruciya, amma ya sami cewa masu aikin sun fi gwada nau'o'in ƙwayoyi daban-daban. Wani nazarin kuma na Corita Grudzen da abokanta, a 2011, ya sami alamun ciwon damuwa sun fi yawa a tsakaninsu idan aka kwatanta da sauran matan Kalifoniya. Marubucin fim yana son shaye-shaye ne saboda yana ganuwa a kyamara, yana kuma gajarta masa aiki, domin allura ɗaya a hannu tana bayyana lalacewar da zai buƙaci rabin sa'a ya gina ta da magana. Wannan gajerar hanya ce ta sa finafinai da dama a wannan fanni suka zama wa'azi mai arha, inda ake nuna tsiraici na tsawon sa'a guda domin a ja 'yan kallo, sannan a hukunta mai tsiraicin a minti goma na ƙarshe domin a wanke hannu.

Daraktan da ya fi kauce wa wannan tarko shi ne Sean Baker, wanda ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shi kansa ya yi fama da jarabar hiroyin a shekarunsa na ashirin da wani abu. A Starlet na 2012 ya daɗe yana nuna abotar wata budurwa da wata tsohuwa 'yar shekara 85 kafin mai kallo ya gane irin aikin da budurwar take yi, ta yadda za a san ta a matsayin mutum kafin a san ta da sana'a, yayin da ƙawarta da suke gida ɗaya take nutsewa cikin ƙwayoyi. Amma Red Rocket na 2021 ne ya fi shiga batun kai tsaye. An ɗauke shi a 2020, a tsakiyar annobar korona, da ma'aikata kaɗan da kuɗin da bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, a garin Texas City inda matatun mai ke tsaye a bayan kusan kowace fitowa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito a ciki mutanen yankin ne da ba su taɓa yin fim ba. Jarumin, Mikey, tsohon ɗan fim ɗin batsa wanda Simon Rex ya taka, ya dawo garinsu a motar haya da raunuka a jiki ba ko sisin kirki, ya roƙi matar da suka daɗe da rabuwa da surukarsa su ba shi wurin kwana. Ya fita neman aiki, amma duk inda ya je sai a tambaye shi abin da ya yi a shekaru 17 da babu su a takardarsa, kuma da zarar ya faɗa sai a sallame shi, har ya koma sayar da tabar wiwi.

Zuwa nan labarin tausayi ne, kuma da Baker ya tsaya a nan da fim ɗin bai wuce na gabansa ba. Abin da ya yi shi ne ya bar mai kallo ya saba da Mikey, ya yi dariyar surutunsa da ƙaryarsa, sannan ya nuna shi yana zawarcin wata yarinya 'yar shekara 17 mai aiki a shagon sayar da fanke irin na Amurka, da nufin ya kai ta Los Angeles ta zama jarinsa na komawa harkar. Sai mai kallo ya fahimci cewa abin da Mikey yake shirin yi wa yarinyar shi ne ya riga ya yi wa matarsa Lexi, wadda ita ma ta yi sana'ar tare da shi, ta dawo gida kafin shi, aka raba ta da ɗanta, take zaune da mahaifiyarta su biyun suna fama da ƙwaya. Fim ɗin bai ba wannan mata tsakiyar labari ba, amma ita ce ainihin hoton rayuwa bayan sana'ar. Hikimar fim ɗin ita ce ya ƙi raba mutanensa gida biyu, azzalumai da waɗanda aka zalunta, domin Mikey an rufe masa ƙofofi da gaske, kuma shi mai cutarwa ne da gaske, ɗaya bai soke ɗaya ba. Rex ya sami kyautar gwarzon jarumi ta Independent Spirit a 2022 saboda wannan rawa, shi kuwa Baker ya ci gaba da bin wannan jigo har Anora, labarin wata mai rawa a gidan holewa a New York, ya ci babbar kyautar Cannes a 2024 da kyautar Oscar biyar a 2025.

Nau'in ƙwayar ma ya sauya tare da zamani. Finafinan da suka shafi shekarun 1970 da 1980 hodar Iblis suke nunawa, ƙwayar masu kuɗi da shagali, amma na baya-bayan nan sun koma kan magungunan kashe raɗaɗi da hiroyin, domin tun bayan da kamfanin Purdue Pharma ya fitar da OxyContin a 1996 Amurka ta shiga annobar da ta kai ga mutuwar fiye da mutum 100,000 a 2021 kaɗai sakamakon shan ƙwaya fiye da kima. Wannan hanya, daga maganin asibiti zuwa jaraba, ba baƙuwa ba ce ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda kodin da tiramol suka yi irin wannan ɓarna, har gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Sherrybaby na Laurie Collyer, a 2006, ya fi sauran nuna wahalar barin ƙwaya a aikace, ta bakin wata mata da ta taɓa rawar tsiraici, ta fito daga kurkuku tana neman amincewar 'yarta ƙarama da ta saba da matar ɗan'uwanta.

Akwai kuma matsalar da ta shafi kyamarar kanta. Yawancin waɗannan finafinai na manya ne, suna ɗauke da tsiraici da kalamai masu nauyi, kuma tambayar da masu sharhi suka daɗe suna yi ita ce ko fim zai iya sukar cinikin jikin mace alhali shi ma da jikin yake tallar kansa. Ninja Thyberg, 'yar ƙasar Suwidin, ta tunkari wannan a Pleasure na 2021 ta hanyar juya kyamarar, inda a wurare masu tsanani take nuna abin da yarinyar take gani, wato fuskokin maza da fitilu da takardun yarjejeniya, maimakon abin da ake gani a jikinta. Fim ɗin ya nuna yadda sa hannu a takardar amincewa ba ya hana matsin lamba, idan wadda ta sa hannun ta san cewa in ta ce a tsaya ba za a biya ta ba. Kamfanin A24 ne ya fara sayen fim ɗin, daga baya ya koma hannun Neon, wanda ya fitar da shi a Amurka a 2022 ba tare da an yanke shi ba.

Abin da har yanzu finafinan labari ba su cika nunawa ba shi ne mutumin da ya bar sana'ar bai mutu ba, bai haukace ba, ya sami wani aiki ya ci gaba da rayuwa cikin fargabar ranar da abokin aiki ko malamin makarantar ɗansa zai gane shi, tun da intanet ta sa hoton da a da yake ɓacewa da lalacewar kaset yanzu yana nan muddin akwai mai nema. Finafinan gaskiya, waɗanda ake hira da mutanen da abin ya shafa kai tsaye, su ne suka ɗan cike wannan giɓi. A After Porn Ends na Bryce Wagoner, wanda ya fito a 2012, an ga waɗanda suka koma addini, da waɗanda suka yi aure suna renon 'ya'ya, da waɗanda suka kama wata sana'a, kuma bayanan da aka rubuta a ƙarshen fim ɗin sun nuna cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi hirar da su sun sake komawa harkar bayan an gama ɗauka.