Amurka: Haɗe bashin kati wuri guda, mafita ce ko sabon tarko?

A tsakiyar shekarar 2023 ne jimillar bashin da ake bin Amurkawa a kan katin bashi ta haura dala biliyan dubu ɗaya a karon farko, kamar yadda alƙaluman reshen Babban Bankin Amurka na birnin New York suka nuna. Zuwa ƙarshen 2024 adadin ya kai kusan dala biliyan 1,200.

Wannan ya zo ne a daidai lokacin da kuɗin ruwan da bankuna ke ɗorawa a kan katunan ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara, bayan da Babban Bankin ya yi ta ƙara kuɗin ruwa daga watan Maris na 2022 zuwa watan Yuli na 2023 domin daƙile hauhawar farashin kayayyaki.

Shi ya sa magidanta da dama a ƙasar, da ma takwarorinsu a Birtaniya, ke fuskantar tambaya guda: shin su karɓi sabon rance su biya dukkan katunan da ke hannunsu, su koma biyan bashi guda ɗaya, ko kuwa su ci gaba da lallaɓawa yadda suke?

Yadda bashin ke taruwa

Katin bashi ya bambanta da katin cirar kuɗi wanda akasarin jama'a suka saba da shi a Najeriya da Nijar. Da katin cirar kuɗi, abin da mutum ya ajiye a asusunsa yake kashewa. Da katin bashi kuwa, kuɗin banki yake kashewa, a ƙarshen wata a aiko masa da takardar lissafi.

Idan ya biya duka kafin wa'adi, ba a ɗora masa ko sisi na ruwa. Idan kuma ya biya ɗan ƙaramin kason da banki ya ce shi ne mafi ƙarancin abin da zai karɓa, to ragowar sai ta fara haihuwa, kuma ruwan da ba a biya ba shi ma ruwa ake ɗora masa.

Tsadar wannan ruwa tana da tarihi. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa bankin da ke da rajistar tarayya yana iya cajin abokan hulɗarsa na ko'ina kuɗin ruwan da jihar da yake da mazauni ta amince da shi. Ba a jima ba jihohi irin su Dakota ta Kudu da Delaware suka sassauta dokokinsu na ƙayyade ruwa, kuma a 1981 bankin Citibank ya kai harkar katinsa Dakota ta Kudu. Tun daga nan dokokin sauran jihohi suka zama ba su da wani tasiri a kan manyan bankunan.

A 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan wata doka da ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya gama biya idan mafi ƙaranci kawai yake bayarwa. Mutane da yawa a nan suka fara ganin cewa bashin 'yan dubban daloli na iya bin su shekara goma sha wani abu.

Hanyoyin haɗewa

Hanya ta farko ita ce mutum ya buɗe sabon kati wanda ba a ɗora masa ruwa na wani ɗan lokaci, galibi wata 12 zuwa 21, ya kwashe tsofaffin basussukan ya mayar kansa. Ana cajin ladan sauyawa na kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka kwaso.

Ta biyu ita ce rance daga banki ko ƙungiyar adashi da lamuni, mai tsayayyen kuɗin ruwa da tsayayyen wa'adi. Ƙungiyoyin da ke da rajistar tarayya an ƙayyade musu iyaka, wadda a 2024 take kashi 18 cikin 100.

Ta uku kuma ita ce mutum ya jinginar da gidansa ya karɓi rance mai sauƙin ruwa.

Dukkansu ba sa rage asalin bashin da ko dala ɗaya. Abin da suke sauyawa shi ne wanda ke bin mutum, da yawan ruwan, da kuma tsawon lokacin biya. Wannan batu ne da tallace-tallacen kamfanonin ba su cika fitowa da shi fili ba.

Lissafi

A ɗauki misalin ma'aikacin da ake binsa dala 10,000 a katuna uku, kowanne da ruwan kashi 22 cikin 100. A watan farko kaɗai ruwan ya kai kimanin dala 183. Idan yana biyan dala 300 duk wata, abin da ke taɓa asalin bashin bai wuce dala 117 ba. A haka sai ya shafe kusan wata 52, kuma ya biya ruwan da ya kai wajen dala 5,600, wato idan bai sake sayen komai da katunan ba.

Idan ya samu rancen shekara uku a kan kashi 12 cikin 100, zai riƙa biyan dala 332 a wata, ruwan gaba ɗaya kuma bai kai dala 2,000 ba. A nan haɗewar ta yi amfani ƙwarai: ƙarin dala 32 a wata ya raba shi da asarar fiye da dala 3,600, ya kuma gama da wuri.

To amma a ce wani kamfani ya yi masa tayin rancen shekara bakwai a kan kashi 15. Abin da zai riƙa biya ya sauko zuwa dala 193, kuma duk wanda albashi ba ya kai shi ƙarshen wata zai ji daɗin jin haka. Sai dai idan aka tattara, ruwan zai kai kimanin dala 6,200, ya zarce abin da zai biya da ya tsaya a kan katunan. Kason ruwa ya ragu, kuɗin da ya fita daga aljihunsa kuma ya ƙaru.

Shi kuwa katin da ba ruwa, shi ne mafi arha idan mutum zai iya. Ladan kashi 3 ya mayar da bashin dala 10,300, kuma domin a gama shi cikin wata 18 sai an riƙa biyan dala 572. Wanda ƙarfinsa dala 300 ne zai iso ƙarshen wa'adin da ragowar dala 4,900, wadda za a fara ɗora wa cikakken ruwa. Ko a hakan ya samu sauƙi, amma tsugune ba ta ƙare ba. Haka kuma jinkirin biya na iya sa banki ya janye rangwamen tun wa'adin bai cika ba.

Akwai kuma ladan buɗe rance da wasu masu ba da bashi ke cirewa tun daga farko, wanda kan kai kashi 5 cikin 100 ko fiye. Duk lissafin da bai haɗa da shi ba, bai cika ba.

Wane ne ke samun ruwa mai sauƙi?

A Amurka kusan duk baligin da ya taɓa cin bashi yana da maki da ke nuna yadda yake cika alƙawarin biya. Mafi shahara shi ne na kamfanin FICO, wanda ke farawa daga 300 zuwa 850. Mai maki da yawa shi ake ba katin da ba ruwa da kuma rance mai arha.

Matsalar a nan ita ce, wanda bashi ya fi yi wa katutu, wanda ya cika katunansa maƙil ko ya tsallake biya, shi ne makinsa ya faɗi. Tsallake biya kan zauna a tarihin mutum har shekara bakwai. Irin wannan mutum idan ya nemi rance, ruwan da za a yanka masa na iya kamo na katin ko ya wuce shi. A nan haɗewa ba ta da wata fa'ida, illa dai ya san rana guda ce ta biya maimakon uku.

Babban haɗarin, a ganin masu ba da shawara kan bashi, ba ma a lissafin yake ba. Ranar da rance ya biya katunan, sai su koma fanko, a shirye domin a sake amfani da su. Idan abin da ya jawo bashin tun farko yana nan, ko kashe kuɗi fiye da samu ne, ko kuɗin asibiti, ko rashin aiki, to cikin shekara ɗaya ko biyu mutum na iya wayar gari da rance a hannun dama, sabon bashin kati a hagu. Baƙi 'yan ci-rani, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, suna da ƙarin nauyi na aika kuɗi gida, kuma ba kasafai dangi ke sanin cewa abin da aka aiko musu daga kati ya fito ba.

Jinginar da gida ita ce ta fi kowacce hatsari. Bashin kati ba shi da jingina. Banki na iya kai mutum kotu, amma ba ya da hurumin ƙwace gida kai tsaye. Da zarar an mayar da shi kan gida, gazawar biya na nufin rasa muhalli. Miliyoyin iyalai sun rasa gidajensu a Amurka a rikicin tattalin arzikin da ya ɓarke a 2007 da 2008, a lokacin da farashin gidaje ya faɗi ƙasa da bashin da ke kansu.

Idan rance ba zai yiwu ba

Akwai ƙungiyoyin agaji da ba riba suke nema ba, waɗanda ke shiga tsakani su roƙi bankuna su rage ruwa, mutum ya riƙa biyan kuɗi guda ta hannunsu tsawon shekara uku zuwa biyar. A Birtaniya ƙungiyar StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma tun watan Mayun 2021 Ingila da Wales ke da tsarin da ke ba wanda bashi ya yi wa yawa sararin kwana 60, a dakatar da ruwa da matsin lambar masu bin bashi, yayin da yake neman shawara.

Waɗannan sun sha bamban da kamfanonin da ke alƙawarin za su sa a yafe rabin bashi. Su kan ce wa mutum ya daina biyan banki har sai an sasanta, a halin da ruwa da tara ke ƙaruwa, makinsa kuma ke zubewa. Ƙorafe-ƙorafe a kansu ne suka sa a 2010 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta haramta wa masu tallata irin wannan aiki ta tarho karɓar lada kafin su warware ko bashi ɗaya. Ban da haka, hukumar haraji kan ɗauki bashin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga, ta nemi kasonta.

Ga Musulmin da ke zaune a waɗannan ƙasashe akwai wani ɓangare na daban. A taronta na birnin Riyadh a shekarar 2000, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a kansa ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi. Wanda ya riga ya shiga ciki kuwa, tambayar da yake kai wa malamai ita ce ko ya halatta ya karɓi rance mai ƙaramin ruwa domin ya kuɓuta daga mai babban ruwa, tunda sabuwar yarjejeniya ce ta riba zai ƙulla. Wannan ne ya sa wasu suka fi karkata ga tsarin ƙungiyoyin agaji, inda ba sabon bashi ake ci ba, tsohon ake neman a sassauta, ko kuma su nemi rance marar ruwa daga 'yan uwa da abokan adashi su rufe katin da ya fi tsada tukuna.