Masu Cike Takardar Tsaraba

Wayar hannu ta kashe sana'ar marubucin wasiƙa, amma har yau ba ta iya kai yaji Landan ba. Shi ya sa a Bauchi akwai masu cin abinci da ɗaure tsaraba da cike mata takardun kwastan. Kayan daga kasuwar Wunti ko Muda Lawal ake sayo su: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, hula zanna, turaren wuta. Masu karɓa yawanci ɗalibai ne da ma'aikatan jinya a Ingila, Malesiya ko Masar.

Ɗaurin ba shi da wuya. Daddawa leda uku ake yi mata, don kada warinta ya kama atamfa, sannan a ɗora kwalin a sikeli. Gwanintar tana kan 'yar takardar da ake mannawa a jiki, CN22 ga ƙaramin ƙunshi, CN23 ga mai tsada ko wanda ya wuce kilo 2. Takardar tana son a faɗi abin da ke ciki dalla-dalla, da nauyinsa, da kuɗinsa. A kan kuɗin ake shan daga.

"Hajiya, nawa aka sayi hular nan?"

"Haba ɗana, tsaraba ce fa. Ai ba a faɗin kuɗin tsaraba."

"Ki yi haƙuri Hajiya, kwastan ɗin can ba su san kara ba."

Gaskiyar mai cike takardar ce. Ingila tana yafe haraji ga kyautar da wani ya aika wa wani idan ba ta wuce fam 39 ba. Tarayyar Turai yuro 45 ta tsayar. Amurka, wadda ta soke rangwamen haraji ga kayan da ba su wuce dala 800 ba a ranar 29 ga Agusta 2025, ta bar wa kyauta dala 100. In aka haura, sai yaron da ake son farantawa ya biya haraji da ladan hidima kafin a miƙa masa kwalinsa. In kuma aka rage kuɗin don wayo, jami'i na iya buɗewa ya ƙiyasta da kansa, kuma ranar da kayan suka ɓata, abin da aka rubuta shi za a duba wajen diyya.

A ganina mai sana'ar kirki ana gane shi ne da abin da ya ƙi karɓa. Kilishi, duk da shi ne sarkin tsaraba, ba ya shiga Ingila, Turai ko Amurka ta gidan waya, domin an hana nama daga Najeriya. Busasshen wake kuwa tun 2015 Tarayyar Turai ta rufe masa ƙofa saboda maganin ƙwari. Mai son kuɗin yau zai rubuta "kayan yaji" ya cusa kilishin a ƙasa. Wanda ya daɗe a aikin zai zare shi ya mayar wa Hajiya, ya jure fushinta, ya cike gurbin da garin kunu.