Sinadaran jinsi da kansar furostet

Sinadaran jinsi su ne homon da jiki ke samarwa domin tafiyar da balaga da haihuwa, kuma manya a cikinsu su ne testosteron da istirojin. An daɗe ana nazarin alaƙarsu da kansar furostet, saboda furostet ba ta girma sai da sinadarin maza. An tabbatar cewa rage wannan sinadari yana tsuke kansar da ta riga ta kama mutum. Amma ko yawansa a jinin namiji mai lafiya yana jawo cutar tun farko, wannan tambaya ce ta dabam, kuma amsarta ba ta kai ta farko sauƙi ba.

Furostet wata ƴar tsoka ce mai fitar da ruwa, girmanta kamar goro, tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun fitsari. Ita ce ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Sau da yawa ana kiran cutar "kansar mafitsara" a Hausa, alhali mafitsara gaɓa ce dabam, kuma kansarta cuta ce dabam. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa maza kusan miliyan 1.4 ne suka kamu da kansar furostet a duniya, kimanin 375,000 kuma suka mutu. A Najeriya ita ce kansar da ta fi yawa a tsakanin maza.

Yadda sinadarin ke aiki

Ƴaƴan maraina ne ke samar da kusan kashi 95 cikin 100 na testosteron, bisa umarnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. Mafi yawansa yana yawo a jini ne manne da wasu furotin, musamman wanda ake kira SHBG. Kimanin kashi 2 cikin 100 kaɗai ke yawo a sake. Idan testosteron ya shiga furostet, wani sinadari mai suna 5-alfa ridaktes yakan mayar da shi DHT, wanda ya fi shi ƙarfi. DHT ne ke kama makarɓar da ke cikin ƙwayar halitta, ya sa ta girma ta kuma hayayyafa.

A 1974 Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika waɗanda ake haifar ƴaƴansu maza da ƙarancin 5-alfa ridaktes. Ko bayan sun balaga, furostet ɗinsu takan tsaya ƙarama. Daga wannan aka samo tunanin yin maganin da zai toshe sinadarin.

Aikin Huggins

A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Chicago a Amurka suka nuna cewa idan aka cire ƴaƴan maraina, ko aka bai wa majinyaci istirojin, kansar da ta bazu zuwa ƙashi takan lafa. Huggins ya sami kyautar Nobel a 1966. Har yau wannan ne tushen maganin kansar da ta yaɗu, sai dai yanzu an fi amfani da allurai irin su leuprolide da goserelin, waɗanda ke saukar da testosteron ƙasa da nanogiram 50 a kowace desilita ba tare da tiyata ba. Maganin yana da nasa wahalar: raguwar sha'awa, zafin jiki mai tasowa kwatsam, raunin ƙashi da ƙiba. Kuma bayan wani lokaci kansar takan koyi rayuwa da ɗan sinadarin da ya rage, ko ma ta riƙa samar da nata. Saboda haka aka fito da abiraterone a 2011 da enzalutamide a 2012.

Ganin haka, likitoci suka shafe shekaru suna ɗauka cewa wanda testosteron ɗinsa ya fi yawa shi ya fi fuskantar haɗari. Akwai abin da bai dace da wannan ra'ayi ba tun farko: testosteron ya fi yawa a ƙuruciya, yana raguwa a hankali da shekaru, alhali cutar ta fi kama waɗanda suka haura 50.

Abin da gwajin jini ya nuna

Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a ɗebi jinin maza masu lafiya a adana, a jira shekaru, sannan a kwatanta jinin waɗanda suka kamu da na waɗanda ba su kamu ba. A 2008 aka haɗa sakamakon irin waɗannan bincike guda 18, da suka ƙunshi maza 3,886 da suka kamu da 6,438 da ba su kamu ba. Ba a ga alaƙa tsakanin cutar da yawan testosteron, ko DHT, ko istirojin a jini ba. Abin da aka gani kawai shi ne masu SHBG da yawa sun ɗan fi ƙarancin kamuwa.

Abraham Morgentaler da Abdulmaged Traish sun ba da bayani a 2009 da ake kira ra'ayin ƙoshi. A cewarsu, makarɓar da ke cikin furostet takan cika da ɗan sinadari kaɗan, don haka duk abin da aka ƙara bayan ta cika ba ya ƙara komai, kamar tulun da ya riga ya cika da ruwa. Wannan zai iya bayyana dalilin da ya sa saukar da testosteron zuwa ƙasa sosai ke tsuke kansa, amma bambancin da ke tsakanin maza masu lafiya ba ya fitowa fili.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Oxford suka sake duba batun da bincike 20, masu maza 6,933 da suka kamu da 12,088 da ba su kamu ba. A wannan karon sun mai da hankali kan waɗanda testosteron ɗinsu na sake ya fi na kowa ƙasa, wato kashi 10 cikin 100 na can ƙasa. Haɗarin waɗannan ya yi ƙasa da na sauran da kashi 23 cikin 100, kuma a tsakanin sauran ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Daga baya wani nazari a kan maza kusan 200,000 na shirin UK Biobank a Birtaniya ya nuna ɗan ƙarin haɗari ga masu yawan testosteron na sake. Alaƙar dai tana nan, amma ƙarama ce idan aka kwatanta da ta shekaru, ko gado, ko asalin mutum.

Irin waɗannan bincike suna da rauni. Galibi sau ɗaya ake ɗibar jinin, alhali testosteron ya fi yawa da safe, kuma ƙiba da rashin lafiya na sauke shi. Abin da ke cikin jini ma ba lallai ya yi daidai da abin da ke cikin furostet ba. Sannan ƙarancin testosteron na iya rage PSA, furotin ɗin da ake aunawa wajen neman cutar, ta yadda za a ƙi gano kansar da ke nan.

Maza masu asalin Afirka sun fi kamuwa da cutar, sun kuma fi mutuwa da ita. An taɓa danganta hakan da yawan testosteron, amma manyan bincike a Amurka ba su ga bambanci mai yawa tsakanin baƙar fata da farar fata ba, don haka hankali ya fi komawa ga ƙwayoyin gado da samun kulawar asibiti a kan lokaci.

Magungunan toshe DHT da ƙarin testosteron

A wani gwaji da aka wallafa a 2003, an raba maza 18,882 masu shekara 55 zuwa sama gida biyu, aka bai wa rabi finasteride na tsawon shekara 7. Kansar ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100, amma nau'in mai tsanani ya ɗan fi yawa a masu shan maganin, kashi 6.4 a kan 5.1. Masana da dama na ganin tsukewar furostet ce ta sa aka fi gano irin wannan nau'in, kuma da aka ci gaba da bibiyar mutanen ba a ga bambanci a yawan mace-mace ba. Duk da haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a yi amfani da shi domin rigakafi ba, ta kuma fitar da gargaɗi a 2011. Mai shan finasteride ya kamata ya sanar da likita kafin gwajin PSA, domin maganin yana rage sakamakon da kusan rabi.

Game da ba wa masu ƙarancin testosteron ƙari kuwa, gwajin TRAVERSE na 2023, mai maza sama da 5,000, bai nuna ƙaruwar kansar furostet ba. Sai dai an cire masu tarihin cutar da masu PSA mai yawa tun kafin a fara, kuma bibiyar ba ta wuce ƴan shekaru ba, alhali cutar na iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta bayyana. Shi ya sa likitoci ke auna PSA kafin fara wannan magani da kuma lokacin da ake shansa, kuma ba a ba da shi ga wanda kansarsa ta bazu.