Funtua: Garin da Auduga ta Raina

Duk wanda ya san Funtua ya san auduga ce uwar garin. A 1929 jirgin ƙasa ya fara ratsa ta daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, garin ya bunƙasa sosai. A 1949 gwamnati ta kafa hukumar cinikin auduga, wadda ke yanka farashi kowace shekara. Manomi ya kai kayansa filoti a auna, a kwashe zuwa injinan gurza na Funtua da Malumfashi. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, kasuwa ta ƙara buɗewa.

Albarkar nan ta shafe mu. Aikin reluwe da kantuna ya kawo 'yan'uwa daga kudu, suka kafa ikilisiyoyi a cikin gari. A karkarar Malumfashi kuwa, iyayenmu Maguzawa da suka karɓi bishara da kuɗin auduga suka yi wa majami'u rufin kwano, suka biya wa yara makaranta.

A 1975 Bankin Duniya ya tallafa aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua. Takin zamani da sabon irin masara suka shigo, manoma da yawa suka karkata can. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, aka bar manomi da 'yan baranda. Daga baya masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana noma a wajajen Faskari da Sabuwa, har samari suka watse zuwa birane neman abin kai wa baki.

'Yan'uwa, idan gona ta mutu, baikon godiyar kaka zai ragu, kujerun matasa su zama wayam. Ya kamata dattawan ikilisiya da zumuntar mata su haɗa manomanmu ƙungiya, a sayi taki tare, a adana amfani a rumbu ɗaya har farashi ya yi kyau, a kuma jawo maƙwabtanmu Musulmi ciki, gama fari ba ya tambayar addinin mai gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.