Hidimar Tsarkin Iyaye Idan Ciwo Ya Kwantar da Su

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai mas'alar da ake yi mana tambaya a kanta cikin raɗa bayan an tashi daga karatu, daga Unguwar Sarki har Kawo da Tudun Wada, watau yadda za a yi da tsohon da likita ya ce sai dai lallaɓawa, aka komo da shi gida daga asibiti, alhali ba ya iya kai kansa bayan gida. A Ingila tun 1967 aka buɗe gidan St Christopher's a Landan domin irin waɗannan majinyata. Mu a nan Kaduna nauyin yana wuyan 'ya'ya, ga kasuwa ga ofis suna jira.

To, aya ta 23 cikin Suratul Isra'i ta hana nuna wa iyaye ƙosawa ko da da ƙaramar kalma, musamman idan tsufa ya riske su. Yamutsa fuska da toshe hanci a gabansu yana cikin wannan hani. Su ne suka wanke mana kashi ba su yi ƙyama ba.

Game da al'aura, lalura tana halatta gwargwadonta. Miji ko mata su ne kan gaba, sa'an nan ɗa ga uba, 'ya ga uwa. A rufe ƙofa, a lulluɓe shi da zane, a sa safar hannu, a wanke da hagu da ruwa mai ɗumi, a tsane, a shafa man basilin. A riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, domin danshi da dogon kwanciya su ke kawo gyambo. Taɓa najasa ba ya warware alwalar mai jinya, wanke wurin ya wadatar.

Salla kuwa ba ta faɗuwa muddin akwai hankali. A mazhabar Malik kawar da najasa wajibi ne tare da tunawa da iko, kuma abin da ke zuba ba da nufi ba, in ya lazimci rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. In ruwa zai cutar da shi sai taimama. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi wa mai ciwon ciki sauƙin haɗa salloli biyu.

Sa'an nan mu san dalilin taurin ciki. Rashin motsi, da ƙarancin shan ruwa, da magungunan kashe zafi irin su mofin da tiramadol duk suna rage aikin hanji. A ba shi kunu, da gwanda, da miyar kuka ko kuɓewa, gwargwadon abin da ya iya, ba da tilas ba. In ya kwana 3 bai yi ba, a gaya wa likita. Wani lokaci ruwa-ruwa kan tsiyayo ta gefen busasshen kashi, sai a zaci gudawa ce a ba da maganin tsayarwa, abin ya ƙara muni. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito yabon sanamaki, ɗan'uwan filasko, kuma likitoci suna aiki da shi har yau. Amma idan akwai amai da kumburin ciki, kada a jiƙa masa kome sai an duba shi a asibiti, irin su Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho, domin mai yiwuwa hanji ne ya toshe.

Ɗaukar mai jinya da kuɗi ya halatta, amma kada Alhaji ya aika da kuɗi ya ɓuya a kanti, ya bar wa matarsa ko ƙanwarsa ita kaɗai. 'Yan'uwa su raba kwanaki. Abin da aka gani a ɗakin nan kuma amana ne, ba a kai shi zaure.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalamu alaikum.