Tsakanin "Da Sauƙi" Da Warkewa: Komawa Gudu Bayan Jinya

A Hausa, tambayar "ya jiki?" amsarta ɗaya ce tak. Ko majiyyaci yana kwance ana ƙara masa ruwa, ko ya kasa ɗaga kai daga matashi, abin da zai ce shi ne "da sauƙi". Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun san cewa wannan ba rahoto ba ne game da halin da jiki ke ciki, gaisuwa ce da al'ada ta yanka mata amsa, kamar yadda "ina gajiya?" ba ta karɓar komai sai "ba gajiya". Ba ni da ja da wannan ladabi. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da mutum ya ɗauki amsar gaisuwa ya mai da ita hukuncin likita, ya ɗaure takalmin gudu ya fita kwana biyu da saukar zazzaɓi.

Harshen kansa bai yaudare mu ba. Ya ba mu "samun sauƙi", ya ba mu "murmurewa", ya kuma ba mu "warkewa", kuma kowace da matsayinta. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, "warke" tana aji na 4, wato ajin da ke nuna aiki ya kai maƙura, irin bambancin da ke tsakanin "sha" da "shanye" ko "ci" da "cinye". Wanda ya sha fura bai shanye ba, haka wanda ya sami sauƙi bai warke ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu takan kai makonni, kuma a cikinta ne masu motsa jiki ke yi wa kansu ɓarna.

Ina magana ne a kan cututtukan da ƙwayar bairos ke kawowa: mura mai zafi ta lokacin hunturu, korona da danginsu. A wajenmu duk zazzaɓi sunansa "maleriya da taifod", kuma maganinsa na kyamis ɗin bakin layi. To amma maganin maleriya da na antibayotik ba su taɓa bairos ko kaɗan. A mafi yawan lokuta garkuwar jiki ce ke yaƙin da kanta, kuma takan ci gaba da aikin bayan zafin jiki ya sauka. Farasitamol kuwa rufe zazzaɓi yake yi na 'yan sa'o'i. Wanda ya haɗiye shi da asuba ya ji garau ya fita sassarfa, da zazzaɓinsa ya fita, sai dai ya toshe bakin mai ba shi labari.

Abin da likitocin wasanni suka fi tsoro shi ne kumburin tsokar zuciya. Wasu ƙwayoyin bairos kan taɓa tsokar, kuma idan aka takura mata da aiki mai tsanani tana cikin wannan hali, bugunta na iya rikicewa har ya kai ga faɗuwa nan take. Ba abu ne mai yawan aukuwa ba, amma yana cikin sanannun dalilan mutuwar fuju'a a tsakanin matasan 'yan wasa. A 2021 an wallafa wani bincike a kan ɗalibai 'yan wasa 1,597 na jami'o'in Amurka waɗanda suka kamu da korona. Hoton MRI ya nuna kumburin a zukatan 37 daga cikinsu, kuma 28 daga cikin waɗannan ba su ji wata alamar ciwon zuciya ba. Wasu binciken sun sami adadi ƙasa da wannan. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna Alphonso Davies na Bayern Munich: a watan Janairun 2022 aka gano masa kumburin bayan korona, bai sake buga wasa ba sai watan Afrilu. Saurayi ne ɗan shekara 21 a lokacin, ga likitoci kewaye da shi dare da rana. Shekaru da dama shawarar ƙungiyoyin likitocin zuciya ita ce wanda aka tabbatar yana da wannan kumburi ya kaurace wa wasa mai tsanani na wata 3 zuwa 6, kuma ko yanzu likita ne ke sa ranar komawa bayan gwaji.

Alamomin da ba a wasa da su sanannu ne. Ciwo ko nauyi a ƙirji, haki da ya wuce girman aikin da ake yi, bugun zuciya mai tsalle-tsalle, jiri ko suma: duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu, wurinsa asibiti ne, a yi masa gwajin ECG da na jini. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida ta masu horar da 'yan tsere, cewa idan ciwo bai wuce wuya zuwa sama ba, kamar yoyon hanci da atishawa, ana iya ɗan taɓa motsa jiki marar nauyi. Idan ya gangaro ƙasa, wato tari mai fitowa daga ƙirji, ciwon gaɓoɓi, gudawa ko zazzaɓi, sai a haƙura. Ƙa'ida ce ta gogewa, amma ta fi "da sauƙi" amfani nesa ba kusa ba.

To me ke sa mutane gaggawa? A tawa fahimtar, tsoron asara ne. Wanda ya shekara yana tara ƙarfin numfashi yana ganin kowace ranar kwanciya kamar ana kwashe masa ajiya, musamman masu shirin gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ta saba faɗowa a watan Fabrairu, daidai bayan ƙurar hunturu ta gama rabon mura. Tsoron yana da tushe. A 1966 masu bincike a birnin Dallas sun kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Da aka sake auna mutanen nan bayan shekara 30, sai aka tarar tsufan shekarun bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage ba. Sai dai mutane kan manta da ɗaya ɓangaren labarin: horon mako takwas bayan kwanciyar ya maido musu da abin da suka rasa. Ajiyar da aka kwashe tana dawowa. Tabon da kumburi ya bari a tsokar zuciya kuwa yana iya zama ɗin-ɗin-ɗin.

Akwai kuma bakin abokai. A ƙungiyoyin motsa jiki na safiyar Asabar, waɗanda yanzu suka yawaita a garuruwanmu, wanda ya yi fashin mako biyu zai sha zolaya: "Malam, ragwanci ne ko amarya?" Mu 'yan arba'in da ɗoriya mun fi kowa jin zafin wannan, domin muna gudu ne muna waiwayen tsufa. Kuma mu ne ya fi kamata mu yi hattara, ganin cewa da yawa a cikinmu na ɗauke da hawan jini ko ciwon sukari ba tare da sun taɓa aunawa ba.

Hanyar komawa ba ta da wani sirri. Jagorar da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a Janairun 2021 saboda masu murmurewa daga korona ta ce a jira aƙalla kwana 7 babu wata alama, sannan a yi mako biyu ana abu marar nauyi kamar tattaki da miƙe gaɓoɓi, daga nan a riƙa ƙarawa mataki-mataki, kowane mataki aƙalla mako guda, kuma duk ranar da jiki ya ƙi, a koma matakin baya. Daga bisani an sassauta wa matasan 'yan wasa masu ciwo marar tsanani, amma ni da tsarana ban ga abin da za mu rasa ba idan muka riƙe tsohon ma'aunin. Da shi na yi aiki bayan wata mura mai zafi da ta kwantar da ni kwana shida. Bugun zuciyata na farkawa daga barci, wanda ya saba tsayawa wajen 58 a minti, ya zauna a 70 da 'yan kai har kwana goma sha biyu bayan na koma aji ina amsa wa kowa "da sauƙi". Yatsa biyu a wuyan hannu da agogo sun isa wannan awo. Sai da ya sauko na fara tafiyar minti 20, sannan minti ɗaya na sassarfa a tsakanin minti huɗu na tafiya. Kilomita biyar ɗin da na saba yi ba tsayawa, sai a mako na shida na sake ganinsu.

Wasu kuwa ko wannan lallaɓawar ba ta karɓe su. Su ne waɗanda idan suka yi ɗan aiki yau, sai gobe ko jibi gajiya ta danne su kwana da kwanaki, kai ya yi nauyi, tunani ya dushe. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar ciwon da ke biyo bayan korona: alamomin da ake gani wata 3 da fara ciwon, waɗanda suka ɗauki aƙalla wata 2 ba a sami wani dalilinsu ba. A wannan watan ne kuma hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu ciwon gajiya mai naci motsa jiki bisa jadawali, domin yana iya ƙara musu ciwo. Irin waɗannan mutane ana koya musu ne su san iyakar ƙarfinsu na yini su tsaya a cikinta, ƙarƙashin kulawar likita. A wajenmu su ne ake ce wa sun cika son jiki.

Ga shugabannin ƙungiyoyin Asabar, roƙona ƙarami ne. Idan ɗan ƙungiya ya dawo daga jinya, a gaishe shi yadda aka saba, ya amsa yadda aka saba. Bayan nan a yi masa tambayar da al'ada ba ta yanka wa amsa ba: kwana nawa rabonka da zazzaɓi, kuma ka sha magani da safen nan? Idan kwanakin ba su kai bakwai ba, a ba shi jakar ruwa da usur ya riƙe.