ALLURAR RAGE TEƁA: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Hausawa kan ce garin neman ƙiba a kan samo rama. To, a Amurka da Ostireliya zancen ya juye, domin ramar ake nema ido rufe, har ta kai mutane masu ƙoshin lafiya suna sayen allura suna tsira wa kansu a fatar ciki wai don kitse ya narke. Magungunan da suke ɗurawa ana kiransu feftaid, dangin sinadarin girma ne.

Shi wannan sinadari wata 'yar halitta ce ke fitar da shi daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Shi ke sa yaro ya yi tsawo, kuma yana taimaka wa jiki wajen ƙona kitse. Da can daga gawa ake tatso shi a yi wa yaran da suka tsumbure magani, amma a 1985 aka daina, bayan da aka gano wasu sun ɗauki wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa ta wannan hanya. A shekarar ce kuma aka fara sayar da na haɗawa.

Mafarin wannan yayi shi ne wani rahoto da Dakta Daniel Rudman ya buga a Amurka a 1990. Ya yi wa tsofaffi maza 12 allurar sinadarin har wata 6, kitsensu ya ragu da kamar kashi 14 cikin 100. Nan da nan 'yan kasuwa suka yi caa, suka manta cewa mutum 12 kacal aka gwada. A shekarar kuwa gwamnatin Amurka ta kafa doka, cewa duk wanda ya rarraba sinadarin don wani abin da hukuma ba ta yarda da shi ba yana iya shan ɗaurin shekara 5. Sannu a hankali sai hankalin masu neman rama ya koma kan feftaid, waɗanda wasunsu gutsuren sinadarin ne, wasu kuwa zuga jiki suke yi ya ƙara fitar da nasa.

To, shin suna aiki? A Ostireliya wani kamfani ya haɗa ɗaya mai suna AOD-9604 musamman don rage ƙiba. Da aka gwada shi kan mutane wajen 500 har mako 24, sai aka ga bai tsinana abin kirki ba, kamfanin ya watsar da shirin a 2007. Duk da haka har yanzu ana tallarsa a intanet. A cikin 2007 ɗin ne kuma masana na Jami'ar Stanford suka tattara gwaje-gwajen da aka yi da sinadarin kan tsofaffi masu lafiya, suka tarar kitse ya ragu da kimanin kilo 2, amma nauyin jiki yana nan inda yake. A maimakon haka sai kumburin ƙafa, da ciwon gaɓoɓi, da sagewar yatsu. Sinadarin kuma yana iya ɗaga sukarin jini.

Akwai dai ɗaya, tesamorelin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010, amma don masu cutar ƙanjamau waɗanda kitse ya taru musu a cikin ciki kaɗai. Takardar maganin da kanta ta ce ba na rage nauyi ba ne, kuma da zarar an daina kitsen sai ya dawo.

Saboda haka jama'a, a yi hattara, domin tallar intanet ba ta san iyakar ƙasa ba. Maganin da aka yi don mai wata cuta ba lalle ne ya amfani mai lafiya ba, ballantana kwalbar da ba a san wanda ya haɗa ta ba, ba ta kuma da lambar NAFDAC. Wanda teɓa ta dame shi ya je ga likita a auna shi tukuna. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.